Bencin Bayan Taga

Har yau idan na ji ana yabon wani fasto ana cewa mai himma ne, sai in ji raina ya ɓaci, ko da ban san mutumin ba. Na san hakan ba daidai ba ne. Na tsufa ina dattijon ikilisiya, na sasanta ma'aurata, na koya wa yara yafiya, amma akwai mutum biyu da ban gama yafe musu ba. Ɗaya wani fasto ne da ya yi shekara uku a wurinmu, ɗayan kuma ni ne.

Na zo Dutse a shekarar da aka ƙirƙiro jihar, cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Kano aka zube a garin da ba shi da ɗakunan ɗaukarmu. Tafireta nake bugawa a wata ma'aikata. Ni Bahaushe ne, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Taura, mahaifina ya bar tsafin kakanninmu ya karɓi bishara tun ban isa kiwo ba. Wannan abu ya fi ƙarfin tunanin mutanen ofis. Za su ji Hausa tsantsa a bakina, su ga an kira salla ban tashi ba, sai wani ya matso ya ce, "Wai kai asalinka mutumin ina ne?" Akwai wani babban akawu da ya yi shekaru yana kirana Malam arne, yana dariya, yana jiran in taya shi. Ban taɓa taya shi ba.

Majami'armu tana bayan Takur, a gefen duwatsu. Da rumfar kwano muka fara, daga baya muka tayar da bango da bulo. Takardar izinin gini kuwa mun bi ta ofis-ofis har takalmina ya cinye. Kullum maganar ɗaya ce, mai sa hannu ya yi tafiya, a dawo wata mai zuwa. Ina jin har yau bawan Allahn nan bai dawo daga tafiyar ba. Saboda haka ba mu kafa allo a bakin hanya ba, ba mu ɗora gicciye a saman rufi ba. Wanda ya san wurin ya sani.

Faston da ya fara tara mu tsoho ne ɗan ƙasar nan, mai ƙaramar murya. Wa'azinsa ba ya hana mutum gyangyaɗi, ni kaina na sha yi a tsaye a bakin ƙofa. Amma ya san mutanenmu ciki da waje. Shi ya sa aka kafa wani benci a waje, bayan tagar da ke kusa da inda yake tsayawa, a ɓangaren da ba ya kallon titi, ƙarƙashin darbejiya, aka ajiye randa da moɗa a gefe. Wata 'yar hanyar ƙafa ta bi ta wurin daga ƙauyukan gabas zuwa cikin gari, don haka a idon kowa wurin hutun masu wucewa ne. Ranar Lahadi kuwa tagar nan a buɗe take, ko ana ruwa ko ana sanyi, shi kuma in yana karatu sai ya ɗan karkata wajenta. Dokar bencin guda ɗaya ce. Wanda ya zauna ba a tambayarsa suna, ba a tambayarsa gari, ba a ce masa ya shigo. In ka fita ka tarar da shi, ka ce sannu da hutawa, ka wuce abinka. Ni aka ba tsaron ƙofa, ni ke cika randar da safe, ni ke korar yara in sun je sun tsaya suna zuba wa mutane ido.

Yawancin masu zama hutun ne kawai ya zaunar da su. Amma akwai wani dattijo mai kawo itace a keke, dogo, siriri, da ɗan farin gemu da hular da ta koɗe. Daidai lokacin da za a fara karatu zai jingine keken da lodinsa a jikin darbejiya, ya sha ruwa, ya zauna ya ba taga baya yana gyara igiya. Da an fara addu'ar rufewa, kafin mutum na farko ya fito, ya riga ya kama hanya. Haka ya yi shekara shida, ban da Lahadin da aikin gona ya riƙe shi. Gaisuwarmu ba ta wuce biyu ba. In ce, "Sannu da hutawa, Baba." Ya ce, "Yauwa, Malam, sannu da aiki."

Wata rana mawaƙanmu suka rikice a tsakiyar waƙa, suka tsallake baiti guda. Ina tsaye a kusurwar gini, sai na hango leɓen dattijon nan ya ci gaba da baitin da suka tsallake, ba sauti. Bayan an tashi na sami tsohon fasto da zumuɗi na gaya masa.

Ya ce, "Ni ban ga komai ba. Kai ma ba ka gani ba."

Na ce, "Baba Fasto, to har yaushe za a bar shi a waje?"

Ya ce, "Har ranar da shi da Ubangijinsa suka shirya. Yana da mata da 'ya'ya da surukai, gonarsa tana tsakiyar gonakin dangi. In ya rasa su, me za ka ba shi? Ɗakin hayarka guda ɗaya?"

Daga baya idanun tsohon suka mutu, ya yi ritaya, 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi gida. Tafiyarsa ta zo daidai da lokacin da maganar ƙaddamar da shari'a ta cika gari. Jama'a na murna, ana taro ana kabbara, mu kuwa muna ɗar-ɗar, ba mu san me zai biyo baya ba. Wasu 'yan'uwanmu na kudu suka kwashe iyali suka mayar gida. Maƙwabtan da muke cin tuwon sallarsu suna cin shinkafar Kirsimetinmu, wasu suka fara dawo da kwano ba a buɗe ba. Ba duka ba ne, kuma zan faɗi gaskiya, maƙwabcina na jikin katanga bai taɓa canza mini fuska ba. Amma wanda aka dawo masa da kwano ba ya mantawa. Ranar Lahadi sai ka ga rabin benci ba kowa, waƙa ma ana yin ta ƙasa-ƙasa kamar ana jinya a gidan.

A cikin wannan hali aka turo mana sabon fasto. Saurayi ne da bai kai talatin ba, fitowarsa ke nan daga makarantar tauhidi, ba ɗan ƙasar nan ba, yana sa kwat ko a zafin bazara. Ba zan yi masa ƙarya ba don ina jin haushinsa. Ba malalaci ba ne, ba mai kwaɗayi ba ne, kuma ba matsoraci ba ne. Ya tayar da addu'ar asuba, ya sa azumi, ya bi gida-gida da ƙafa yana zaƙulo waɗanda suka daina zuwa. Ikilisiyar da ta yi laƙwas ta miƙe. Matasa suka dawo, 'yan ƙungiyar zumuntar mata suka fito da tulunansu na kiɗa da kacau-kacau, ni kaina na daina gyangyaɗi. Kullum maganarsa ita ce kada a bari wutar ta mutu. Ya rataye allo a bango yana rubuta yawan waɗanda suka zo kowace Lahadi, ya sa ni ƙirga kawuna. Ya kawo lasifika biyu ya ɗaure a saman rufi, ɗaya tana kallon duwatsu, ɗaya tana kallon titi.

A wajen ƙirgan kawunan nan bakina ya ja mini. Ya tambaye ni ko masu zama a waje suna cikin lissafi. Da na ce masu hutu ne na yi shiru, da shi ke nan. Amma ina so yaron nan ya san cewa mu ma ba barci muke yi ba kafin ya zo. Sai na ba shi labarin mai itace, da baitin da ya ƙarasa, har ina ƙara gishiri. Na ga idonsa ya yi haske, a take na sha jinin jikina.

A zaman dattawa na gaba ya kawo maganar. Na ce, "Fasto, bencin nan ba a taɓa shi. Haka tsohon fasto ya bar mana, kuma da dalili."

Ya ce, "Baba, ku gafarce ni, tsoro ne kuke kira hikima. Mutum ya yi shekara shida a bakin ƙofar ceto, kun bar shi a waje kamar ba rai ne da shi ba. In ya mutu gobe fa?"

Na ce, "In abu ya ɓaci, kai jaka ɗaya gare ka, tasha za ka nufa. Shi wace mota zai hau, ya je ina?"

Sauran dattawan suka sunkuyar da kai. Biyu daga cikinsu ma'aikata ne daga nesa, a wurinsu mutum ya shiga coci ba wani abu ba ne da ya wuce ya shiga. Fasto ya yi murmushi ya ce mu yi addu'a. Ya ɗaga murya yana roƙon Allah ya kori ruhun tsoro daga zukatan shugabannin ikilisiya. Da ni ake, kowa ya sani, kuma haka na buɗe baki na ce amin.

Bayan girbi ya shirya taron farkaswa na mako guda, aka rufe ranar Lahadi da safe. Ban taɓa ganin majami'ar ta cika haka ba, har a ƙasa mutane suka zauna. Akwai wata al'ada da ya zo da ita, wadda yanzu ta zama ruwan dare. Kafin wa'azi sai a ce baƙi su tashi, kowa ya faɗi sunansa da inda ya fito, a yi masa tafi da waƙar maraba. Ga ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, wannan girmamawa ce. Ranar nan da aka gama da baƙin ciki, sai fasto ya ce akwai sauran baƙo ɗaya da ya daɗe yana jira. Ya sauko da makirufo a hannu, mai doguwar waya, ya ratsa tsakiyar jama'a ya iso bakin ƙofa inda nake.

Ya ce, "Baba, riƙe mini wayar kada ta sarƙe."

Na riƙe. Na sha juya wannan abu a raina. Soket ɗin yana nan kusa da ƙafata, da na sa yatsa na zare, da komai ya tsaya. Amma jama'a na kallo, ana kiɗa, shi fasto ne, ni mai tsaron ƙofa. Na tsaya ina sakar masa waya kaɗan-kaɗan yana zagayawa bayan gini, kamar mai ba guga igiya.

Ta taga kowa ya ga abin da ya faru. Ya durƙusa ya gai da dattijon da ladabi, ya kama hannunsa. Abin da yaron nan bai sani ba, kuma ni na sani sarai, shi ne dattijon Bahaushe da ya sha ruwan randarka shekara shida ba zai fizge hannunsa daga naka a gaban mutane ba. Kunya ce ta tayar da shi, kunya ce ta shigo da shi. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, abin da ba ma yi, ya wuce ta gabana kansa a ƙasa.

A gaban jama'a fasto ya kai masa makirufo baki ya tambayi sunansa. Ya faɗa. Ya tambayi garinsu. Ya faɗa. Fasto ya ce, "Baba, ka gaskata?"

Dattijon ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Ina dai jin abin da ake faɗa."

Fasto ya ɗaga hannun mutumin sama ya ce Ubangiji ya yi aikinsa. Mata suka rangaɗa guɗa, aka goce da kiɗa, wasu na kuka don murna. Ni kuwa kunnena yana wajen lasifikar da ke kallon titi. A bakin titin nan akwai mai shayi, akwai inda 'yan acaɓa ke tsayawa, akwai mutanen ƙauyukan gabas masu shigowa gari. Sunan mutumin da na garinsu sun fita sau biyu, don fasto ya maimaita su da kansa. Ana cikin waƙa dattijon ya zare jiki ya nufo ƙofa. Bai dubi fuskata ba. Wayar da ke hannuna ya kalla, ya sa takalmansa ya fita.

Lahadi ta zagayo bai zo ba, ta gaba ma haka. Sauran masu zama a bencin, su uku ko huɗu da nake zargin ba hutu kaɗai ke kawo su ba, su ma suka ɗauke ƙafa. Labarinsa wata 'yar zumuntar mata ce ta kawo mini, mai sayen gero a kasuwar Kiyawa. Ta ce maganar ta riga kekensa isa gida. Ba wanda ya doke shi, ba wanda ya kai shi gaban alƙali. 'Yan'uwan matarsa ne suka zo suka tafi da ita da ƙananan yaran biyu. Babban ɗansa ya daina sa hannu a kwanonsa. Da yamma in magidanta sun fito da tuwo ƙofar gida don ciyayya, da ya zauna sai kowa ya ɗauki kwanonsa ya matsa. Dawarsa tana zube a gona, ba wanda ya ba shi aron amalanke. Na ji haushin mutanen garin nan ƙwarai, mutumin da suka sani tun yana yaro. Amma su na san abin da za su yi tun kafin su yi, shi ya sa aka kafa dokar bencin.

Na sami fasto a ofishinsa na gaya masa. Ya ce, "Baba, tsanani alama ce ta nasara. Mu yi masa addu'a. In ya zo za mu ba shi ɗaki a nan."

Na ce masa mai shekara sittin ba kaza ba ce da za a canza wa akurki. Na ce ya sayar da gidan mutum don ya ƙara ɗaya a allonsa. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba, da ƙarfi, har matar da ke shara ta ajiye tsintsiya. Aka kai ni gaban dattawa, aka sa ni horo na wata uku, ina zama a bencin ƙarshe, ba na cin jibin Ubangiji, gurasar da ake rabawa a sujada. Ban ba da haƙuri ba, kuma har yau ban ga abin da zan janye ba sai ƙarar muryar.

Ina cikin horon na ari babur wata Asabar na nufi garin dattijon, can gaba da Kiyawa. Ban yi gigin tambayar gidansa ba. A bayan gari na hango shi shi kaɗai yana faskare. Ya rame, gemun ya ƙara fari. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya duba hagu da dama, bai ce in zauna ba.

Na ce, "Baba, na zo neman gafara. Ni na ba da labarinka."

Ya ce, "Na sani, Malam. Kai kaɗai ka taɓa kallon bakina."

Na ce ko akwai abin da za mu iya yi.

Ya ce, "An gama. Jiya iyalina suka dawo. Na tsaya a gaban mai gari da liman da surukaina, na rantse ba zan sake taka wurinku ba, ba zan sake sauraron abinku ba, ba ni ba ku. Ni kuwa ba na karya rantsuwa." Ya dafa ƙotar gatarin. "Da ina zuwa ina jin sanyi a raina. Na ɗauka kun san abin da kuke yi da ba ku tambaye ni suna ba."

Na ce za mu riƙa yi masa addu'a, kuma ina faɗa ina jin kunyar maganar, don irin ta fasto ce.

Ya ce, "Wannan tsakaninku da Allah. Abu ɗaya nake roƙo. Dole in ci gaba da kai itace Dutse, da shi nake ci da gida. In ka gan ni a hanya kada ka gaishe ni. Ana kallo. Yanzu ka tafi kafin a fito daga masallaci."

Ban tayar da babur ɗin ba sai da na tura shi har bakin kwalta.

Ikilisiyar ta ci gaba da girma, ba zan ɓoye ba. Mun faɗaɗa gini sau biyu. Bayan shekara uku aka ɗauke faston zuwa wata babbar majami'a a wata jiha, da ƙarin girma. An gaya mini yana yawan ba da labarin wani tsoho mai itace da ya karɓi ceto a hannunsa a tsakiyar shekarun shari'a, jama'a suna tafi. Bai taɓa aiko tambayar yadda mutumin ya ƙare ba.

Dattijon ya canza hanya, ya koma bi ta babban titi, ta gaban ma'aikatarmu. Kusan kowane mako sai mun haɗu, ni ina tafiya ofis, shi yana tura keke a hawa, gumi na zuba. Tun ina yaro aka koya mini ba a wuce babba ba gaisuwa, kuma bakina yakan buɗe da kansa sai in danne. In kawar da kai, shi ma ya kawar. Mun yi shekara tara a haka, har wata damina na daina ganinsa, daga baya na ji ya rasu a ɗakinsa, 'ya'yansa suka yi masa sutura, gari ya bi shi maƙabarta. Ban je gaisuwa ba. Ya riga ya gaya mini abin da yake so, kuma a duk sanin da muka yi, wannan ne kaɗai alherin da na iya yi masa.